Kirari da Labari a Rubutun Janarorin Ingila: Nazarin Littattafan Montgomery da Slim

Da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1945, wato wanda dattawan ƙasar Hausa ke kira Yaƙin Hitila, da yawa daga cikin manyan hafsoshin sojan Ingila sun rataye takobi sun ɗauki alƙalami. Abin da suka rubuta reshe ne na rubutun zube wanda manazarta ke kira tarihin kai, amma yana da wata siffa da ta raba shi da sauran 'yan'uwansa. A cikinsa marubucin shi ne tauraron labari, shi ne mai ba da shaida, shi ne kuma wanda ake tuhuma, domin kuwa da wuya janar ya ba da umurni a fagen fama bai ci rayuka ba, kuma iyayen mamatan da matansu da 'ya'yansu suna cikin waɗanda za su sayi littafin. Saboda haka duk janar ɗin da ya zauna rubuta tarihin kansa shari'a ya shiga, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, kuma shi ya naɗa kansa alƙali.

Wannan maƙala za ta dubi biyu daga cikin irin waɗannan littattafai, waɗanda su ne suka fi shahara. Na farko shi ne Defeat into Victory, wato daga shan kashi zuwa nasara, na Fil Mashal William Slim, wanda aka buga a 1956. Na biyu shi ne Memoirs na Fil Mashal Bernard Montgomery, wanda ya fito a 1958. Tambaya biyu za a yi wa kowanensu. Yaya marubucin ya yi da ranar da al'amari ya ɓaci? Wa kuma ya tuna da shi a ranar da al'amari ya yi kyau? A tambaya ta farko Slim ya yi wa Montgomery fintinkau. A ta biyu kuwa, in mai karatu Bahaushe ne wanda kakansa ya je ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar tun 1989, zai tarar ratar ba ta kai yadda ake faɗa a Ingila ba.

Kafin a shiga ciki ya kamata a fayyace wasu kalmomin bariki da za su yi ta fitowa. Bataliya takan ƙunshi soja kimanin 800. Bataliya 3 su ke yin birged, birged 3 su yi dibishan, dibishan 2 ko 3 su yi rukuni, sa'an nan rukuni 2 ko fiye su yi runduna.

Mutanen biyu

Wani abin mamaki shi ne dukansu biyu a gida ɗaya suka fara aikin hafsa, wato ƙungiyar sojan da ake kira Royal Warwickshire, amma ba ta ƙofa ɗaya suka shiga ba. An haifi Montgomery a Landan a 1887, mahaifinsa babban limamin coci ne wanda ya yi shekaru yana aiki a tsibirin Tasmaniya. Ya bi hanyar da 'ya'yan manya ke bi, ya shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya fito a 1908. A watan Oktoba na 1914, a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsashi ya huda masa huhu a arewacin Faransa, har an fid da rai da shi. Slim kuwa an haife shi a Bristol a 1891, ya tashi a Birmingham, ɗan mai sayar da kayan ƙarfe, iyayensa ba su da halin kai shi Sandhurst. Ya yi malamin firamare a unguwar matalauta, ya yi akawu a wani kamfanin ƙarfe, kuma ba don yaƙi ya ɓarke a 1914 ba da wataƙila bai taɓa zama hafsa ba. An yi masa mummunan rauni a Gallipoli a 1915, aka sake yi masa a Iraƙi a 1917. Bayan yaƙi ya koma sojan Indiya, inda hafsa ke iya rayuwa da albashinsa kaɗai, ya yi shekaru tare da sojan Gurka mutanen Nepal. Don ya cike giɓin aljihu ya riƙa rubuta gajerun labarai yana sayar wa mujallu da sunan aro, Anthony Mills. Wannan batu yana da muhimmanci ga manazarcin adabi, domin lokacin da Slim ya zo rubuta babban littafinsa hannunsa ya riga ya faɗa, ya san inda ake jan rai da inda ake sakin mai karatu ya numfasa.

A yaƙi na biyu Montgomery ya ja dibishan a Faransa a 1940, ya fito da ita ta Dunkirk. A watan Agusta na 1942 aka ba shi Runduna ta 8 a hamadar Masar, bayan Jamusawa sun harbo jirgin Janar Gott wanda aka fara zaɓa. Ya ci Rommel a El Alamein, ya bi ta Sisili da Italiya, ya shugabanci sojan ƙasa a saukar Normandi ranar 6 ga Yuni 1944, ya kuma karɓi saran da sojan Jamus na arewa suka yi ranar 4 ga Mayu 1945. Slim ya fara da Sudan da Iritiriya, inda aka yi masa rauni na uku, sa'an nan Iraƙi da Siriya da Iran. A watan Maris na 1942 aka aika shi Bama ya karɓi rukunin da Japanawa suka riga suka karya wa lago. A ƙarshen 1943 aka ba shi Runduna ta 14, ya tare Japanawa a Imphal da Kohima a 1944, ya ƙwace Meiktila da Mandalay a Maris na 1945. Montgomery ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa na Ingila a 1946, Slim ya gaje shi a 1948, ba da son ransa ba, domin wani janar dabam ya so a naɗa.

Salon kirari

A adabin baka na Hausa kirari yana da gurbinsa. Maharbi ko ɗan dambe ko mayaƙi yakan tsaya a tsakar fage ya wasa kansa, ya lissafa maza da ya kayar, kuma ba mai ce masa ya kawo shaida, domin kowa ya san amfanin abin shi ne ya tsuma mai yi ya kuma karya zuciyar abokin karawa. In aka dubi Montgomery ta wannan fuska za a ga gwani ne. Rundunar da ya tarar a 1942 ta sha kashi a Gazala, ta rasa garin Tobruk a watan Yuni, sojanta sun fi sanin sunan Rommel da sunan nasu janarorin. Sai ya shiga zagayawa bataliya bataliya da baƙar hularsa mai lamba biyu, yana tara soja yana gaya musu da bakinsa abin da za a yi da yadda za a ci nasara. Ya faɗa a littafinsa cewa a yaƙi na farko bai taɓa sa babban kwamanda a ido a bakin daga ba, ya kuma ga yadda aka yi ta zubar da rayuka a banza, shi ya sa ya ƙudura sojansa za su san shi, kuma ba zai kai hari ba sai ya tara abin da zai ishe shi. A El Alamein yana da soja kusan 200,000 da tankoki fiye da 1,000, wato kusan ninki biyu na abin da ke hannun Rommel. Wannan kirari ne a muhallinsa, kuma ya yi aiki.

Matsalar littafin 1958 ita ce an tashi daga fage shekara 13 da suka wuce amma mai kirari bai sauke murya ba. Ya bayyana a gabatarwa cewa da fensir ya rubuta kowace kalma da hannunsa, kuma lalle babu mai shakka, domin muryar tasa ce sak. Jimlolinsa gajeru ne, kamar umurnin fareti. Yana son jera dalilai da lamba, na ɗaya, na biyu, na uku. Yakan kwafo saƙonnin da ya aika wa soja da wasiƙun yabo da manya suka aiko masa ya zuba su ɗungurungum, shafi bayan shafi. Jigon da ya ratsa littafin tun daga Masar har Jamus guda ne, wato ya zo ya tarar da ɓarna, ya tsara shiri, kome kuma ya tafi daidai yadda ya tsara. Salon yana da daɗin karatu da farko, don ba ya da duhu ko kaɗan, amma mai karatu ba zai yi nisa ba zai lura cewa a wannan labari abokin gaba ba ya taɓa ba tauraro mamaki. Labarin yaƙi kuwa in aka cire masa mamaki ya zama rahoton akawu.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Babban misali a nan shi ne yadda ya yi da Janar Claude Auchinleck, wanda ke riƙe da Masar kafin zuwansa. Montgomery ya rubuta cewa da suka gana a Alƙahira, Auchinleck ya nuna masa shirin ja da baya zuwa bakin kogin Nilu in Rommel ya matsa. Ya kuma yi alfahari da cewa ya karɓi ragamar runduna kwana 2 kafin ranar da aka ba shi izini, ya soke duk wani shirin janyewa. Alhali kuwa Auchinleck ne da kansa ya tsayar da Rommel a El Alamein ɗin a watan Yuli na 1942, wata guda kafin Montgomery ya iso, kuma ba don wannan tsayawa ba da babu filin da za a yi yaƙin Oktoba a kai. Auchinleck ya fito fili ya ƙaryata zancen, har sai da kamfanin ɗab'in ya sa bayanin gyara a bugun da suka biyo baya. Shi Auchinleck bai rubuta tarihin kansa ba, ya ƙare rayuwarsa a Marrakesh ta ƙasar Maroko a 1981, sai wasu suka tsaya masa, musamman Correlli Barnett a littafinsa The Desert Generals na 1960.

Haka abin yake a Normandi. An shirya kama garin Caen a ranar sauka, ba a shiga shi ba sai bayan fiye da wata guda, amma littafin ya nace cewa ba a kauce wa shiri ba. Abin tausayi a nan shi ne gaskiyar ta fi ƙawa, domin yadda ya sauya dabara da ya ga ta farko ta cije, ya janyo tankokin Jamus kansa don Amurkawa su sami hanya ta yamma, aikin gwani ne. Son a ce bai taɓa kuskure ba ya sa ya ɓoye gwanintarsa da hannunsa. A Arnhem ta ƙasar Holan kuwa, a Satumba na 1944, an saukar da soja kimanin 10,000 ta sama, waɗanda suka komo ba su kai 2,500 ba, duk da haka ya tsaya kai da fata cewa shirin mai kyau ne, ƙarancin goyon baya ne ya kashe shi. Adalci ya wajabta a ambata cewa ya amsa wani kuskure ba tare da kwana-kwana ba, wato sakacin da ya yi wajen buɗe hanyar ruwa zuwa tashar Antwerp. Kuma babin farko, inda ya ba da labarin ƙuruciyarsa ƙarƙashin uwa mai tsanani, da 'yan layukan da ya yi a kan rasuwar matarsa a 1937, su ne suka fi kome rai a littafin, don a nan ne kaɗai ya yi magana ba a tsaye ƙiƙam ba. Sukar da ya yi wa Eisenhower, wanda a lokacin yake shugaban Amurka, ita ta kashe abotarsu har abada.

Yadda Slim ya ba da labarin shan kashi

Slim ya sa shan kashi a kan bangon littafinsa, ya kuma fara da shi. Sashen farko labarin gudu ne, tafiyar mil kusan 1,000 daga kudancin Bama zuwa kan iyakar Indiya, tsakanin Maris da Mayu na 1942, ba jiragen sama, ba labarin inda abokin gaba yake, ga dubban fararen hula suna mutuwa a gefen hanya. Ya ba da labarin yadda aka cinna wa rijiyoyin man Yenangyaung wuta don kada su faɗa hannun Japanawa, da yadda Janar Sun Li-jen na Sin ya taimaka aka kuɓutar da dibishan guda da aka yi wa ƙawanya, da yadda aka bar tankoki da motoci a bakin kogin Chindwin aka haye da abin da kafaɗa za ta iya ɗauka. Da ya kai ƙarshen sashen sai ya zauna ya lissafa dalilan faɗuwar, ya sa kansa a ciki, ya ce a matsayinsa na janar ba abin da ya sa gaba wanda ya tabbata, kuma Japanawa sun fi shi dabara da ƙarfin zuciya wajen yanke shawara. Haka ya yi a kan Kohima, inda ya amsa cewa ya zaci ƙaramar ƙungiya ce za ta iya ratso waɗannan duwatsu, sai ga dibishan guda cur ta Janar Sato.

Ta fuskar zubi da tsari wannan shi ya ba littafin ƙarfinsa. Da yake mai karatu ya ga tauraro ya faɗi, ya san zai iya sake faɗuwa, don haka zuciyarsa na ɗar-ɗar har a babin da ya riga ya san ƙarshensa. Wurin da wannan ya fi fitowa shi ne ƙetare kogin Irrawaddy a Fabrairu na 1945. Slim ya bar Janar Kimura ya sakankance cewa Mandalay aka nufa, ya kafa hedkwatar ƙarya tana ta aika saƙonnin rediyo daga arewa, ya kuwa zagaya da rukuni guda ƙarƙashin Janar Messervy ta wani kwari a asirce, suka haye can ƙasa suka afka wa Meiktila, cibiyar guzurin Japanawa. An ba da labarin da irin haƙurin mai tatsuniya, ana ambaton duk abin da zai iya tona asiri kafin a kai ga inda asirin ya rufu.

Wani abin da ya bambanta shi da Montgomery shi ne waɗanda ya ba fili. Akwai shafuka masu yawa a kan mutanen da ba sa harbi. Ya nuna cewa a 1943 in aka kwaso soja 1 daga daga saboda rauni, to an kwaso 120 saboda ciwo, galibi zazzaɓin cizon sauro, ya kuma bayyana yadda ya tilasta shan ƙwayar rigakafi ta hanyar tuɓe duk kwamandan da aka auna sojansa aka tarar ba sa sha. Kwamanda 3 kawai ya tuɓe sauran suka shiga taitayinsu. Akwai labarin laimar sauka da aka ɗinka da algarara a Kalkata da aka rasa ta siliki, da jiragen ruwa da injiniyoyi suka sassaƙa da itacen daji a bakin Chindwin, da wahalar ciyar da runduna mai addinai da al'adun abinci barkatai. Ya yabi Auchinleck, wanda ya zama babban kwamandan Indiya a 1943, saboda gyaran da ya yi wa horo da guzuri. Har Aung San, jagoran 'yan kishin Bama wanda ya fara bin Japanawa kafin ya juya musu baya, an zana ganawarsu ta Mayu 1945 da mutunci da ɗan raha.

Amma fa kada daɗin salo ya rufe wa manazarci ido. Amsa laifi shi ma dabara ce ta sarrafa mai karatu, kuma wanda ya ci nasara a ƙarshe ba ya hasarar kome in ya ce ya yi tuntuɓe a farko. Da 'yan kurakuran da Slim ya amsa ya sayi amincewar mai karatu, da wannan amincewa kuma ya wuce wasu wurare shiru ba a tambaye shi ba. A watan Mayu na 1945, ana cikin murnar kama Rangoon, shugabansa Janar Oliver Leese ya nemi ɗauke shi daga Runduna ta 14, rigimar ta kai Landan, aka ƙare da tuɓe Leese aka ba Slim kujerarsa. Wanda ya karanta littafin kaɗai ba zai san an yi haka ba. Ana iya kiran wannan kawaici, kuma lalle ya fi tonon silili irin na Montgomery kyan gani, sai dai ya nuna cewa mutumin da ke magana a littafin shi ma ƙagaggen tauraro ne wanda gwani ya sassaƙa. Dukansu biyu kuma doka ta hana su ambaton cewa ana karanta saƙonnin asirin abokan gaba, sirrin da bai fito ba sai a 1974, don haka wani abin da ya yi kama da basirar janar a shafi, a zahiri takarda ce aka miƙo masa. Game da bambancin littafi da mai shi, ya isa a ambata cewa shekaru bayan rasuwar Slim a 1970 wasu da suka tashi a wata makarantar yara 'yan ƙaura a Ostiraliya, inda ya yi Gwamna Janar daga 1953 zuwa 1960, sun zarge shi da cin zarafinsu. Iyalinsa sun musanta, amma a 2019 hukumar birnin Canberra ta yanke shawarar cire sunansa daga wani babban titi.

Masu gammo

Wanda ya san Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin, wanda ya san Zariya ya san barikin Chindit, a Legas akwai Myohaung da Arakan, a Ankara ta ƙasar Gana kuma hedkwatar soja sunanta sansanin Bama. Waɗannan sunaye ne da sojan Afirka ta Yamma suka komo da su daga yaƙin da Slim ke ba da labari. Dibishan biyu aka kai, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, dubun dubatar mutane, kuma a bataliyoyin Nijeriya Hausa ce ta daɗe tana zaman harshen bariki, har hafsoshi Turawa sai sun ci jarrabawarta, kafin yawan sababbin ɗauka a lokacin yaƙin ya sa aka karkata ga Ingilishi. Wanda ya tsaya aka kai su shi ne Janar George Giffard, wanda ya yi yawancin aikinsa da sojan Afirka, ya riƙe Afirka ta Yamma daga 1940 zuwa 1943, ya kuma zama shugaban Slim kai tsaye har zuwa Nuwamba 1944. Tambarin dibishan ta 81 gizo-gizo ne, wato Ananse na tatsuniyoyin mutanen Gana, takwaran Gizo na Hausa. Na ta 82 kuwa masu biyu ne gicciye a kan gammo.

Gammon nan shi ne sirrin amfaninsu. Kowace dibishan tana da dubban soja 'yan dako masu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, saboda haka suna iya shiga inda mota da alfadari ba sa shiga. Dibishan ta 81 ta ratsa duwatsu ta faɗa kwarin Kaladan a farkon 1944, ta sare hanyar jif mai tsawon mil 75 da hannu, kuma ita ce dibishan ta farko da ta yi yaƙi jiragen sama kaɗai ke jefo mata guzuri. Birged ɗinta ta 3, mai bataliyoyin Nijeriya 3, an ba da ita ga Janar Wingate, ta yi yaƙi a bayan layin Japanawa tare da sojan da ake kira Chindit. A Janairu na 1945 dibishan biyun suka haɗu suka kama Myohaung, tsohuwar hedkwatar masarautar Arakan.

To, yaya waɗannan suka fito a littafin da ya sami fili don sauro da algarara? Sun fito, amma a taƙaice, kuma galibi daga nesa. Slim ya yaba da ladabinsu da tsabtarsu a fareti. Ya yi mamakin yawan Turawa a kowace bataliyarsu, 50 ko 60, alhali bataliyar Indiya ba ta da ko rubu'in haka, ya kuma ga cewa wannan yana danne ƙananan shugabanni baƙaƙe, yana hana su koyon tsayawa da ƙafarsu. Lura ce mai kyau, kuma ta fi abin da yawancin tsararrakinsa za su iya gani. Sai dai ya ga ciwon bai tambayi sanadinsa ba. Indiyawa sun fara zama hafsoshi tun bayan yaƙi na farko, an buɗe musu makarantarsu a Dehra Dun a 1932. A Afirka ta Yamma kuwa sai a 1942 aka ba baƙar fata na farko muƙamin hafsa, wato Seth Anthony na Gwalkwas, wanda ya yi yaƙi a Bama ya kai manjo. Ga ɗan Arewa iyakar tsani ita ce samanja. Chari Maigumeri, mutumin Barno wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa, ya yi yaƙin Habasha ya yi na Bama, ya shafe fiye da shekara 30 a kaki, bai sami kyaftin ba sai na girmamawa da ya yi ritaya a 1953. Marubucin da ya iya warware dalilin da ya sa soja ke yarda ya mutu, ya kasa shi kashi uku, na ruhi da na hankali da na kayan aiki, bai tsaya ya tambayi wane dalili aka ba manomin da aka ɗauko daga Katsina ko Bauci aka kai shi dajin Arakan ba.

A kan koma-bayan da dibishan ta 81 ta samu kusa da Kyauktaw a Maris na 1944, bayanin Slim gajere ne kuma bai yi mata daɗi ba. John Hamilton, wanda ya yi hafsa a bataliyar Gambiya a wannan kwari, ya rubuta littafi sukutum mai suna War Bush a 2001 don ya mai da martani, inda ya nuna cewa umurnin da ke zuwa wa kwamandanta Janar Woolner daga hedkwatar rukuni yana cin karo da juna, kuma an dora wa dibishan guda aikin da ya fi ƙarfinta. An tuɓe Woolner a Agusta na shekarar. Akwai uzuri ɗaya da ya kamata a ba Slim, wato daga Nuwamba 1944 an cire Rukuni na 15 na Janar Christison, wanda dibishan biyun ke ciki, daga ƙarƙashin Runduna ta 14, don haka yawancin yaƙin dibishan ta 82 ba a hannunsa aka yi ba. Uzurin ya rage laifin, bai shafe shi ba, domin littafin ya ci gaba da ba da labarin Arakan bayan wannan lokaci, kuma mai karatu zai iya fita daga cikinsa da fuskokin Gurka da Indiyawa da Ingilishi a zuciyarsa, ba tare da fuskar Ba'afirke ko ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Montgomery bai ja sojan Afirka ta Yamma a fagen fama ba, saboda haka ba za a tuhumi littafinsa da wannan shiru ba. Ra'ayinsa ya fito ne ta wata hanya. A ƙarshen 1947 ya zagaya ƙasashen Afirka, har da Nijeriya da Gwalkwas, ya rubuta wa gwamnati rahoton asiri inda ya siffanta Ba'afirke da rashin wayewa da kasa raya ƙasarsa, ya ba da shawarar a riƙe nahiyar don amfanin Ingila. Sakataren mulkin mallaka Arthur Creech Jones ya yi watsi da shawarar, rahoton kuma bai fito fili ba sai a 1999. An rubuta shi ne shekara 2 kacal bayan waɗanda ya siffanta haka sun gama yaƙi a Bama.

Abin da ya cike wani ɓangare na giɓin ya zo ne daga ƙasan tsani. Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga yankin Owo, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, ya zama ma'aikacin jiyya a dibishan ta 81. A farkon Maris na 1944 Japanawa suka yi wa ƙungiyarsa kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, aka farfasa masa ƙafa, aka bar shi a kan ya mutu. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da wani soja ɗan Saliyo, David Kargbo, yana ciyar da su wata da watanni alhali ya san in aka gano ransa ne fansa. Fadoyebo ya rubuta labarin bayan shekaru masu yawa, masanin tarihi David Killingray ya shirya shi aka buga a 1999 da sunan A Stroke of Unbelievable Luck, sa'an nan Barnaby Phillips ya bi sawunsa har ƙauyen, ya tarar da iyalin Shuyiman, ya fitar da Another Man's War a 2014. Ɗan littafin Fadoyebo ba shi da kauri, marubucinsa kuma bai san shirin da manya suka tsara a kan kwarin ba. Makon da ya ba da labarinsa dalla-dalla, da ƙudaje a kan rauni da ƙishirwa da ƙarar takalman Japanawa, shi ne makon da Defeat into Victory ya wuce a cikin 'yan layuka.